Sabunta tsohuwar karaban a tsakar gida

Karaban ɗin da ake magana a nan ba ta da alaƙa da ayarin raƙuma. Ɗakin nan ne mai taya biyu da ake maƙala wa mota a baya, da gado da ɗan madafi a cikinsa. Ba su da yawa a Maraɗi, amma akwai su: wata an bar ta bayan an gama aikin hanya inda ta yi zaman ofis, wata ta shigo tare da motoci ƴan Kwatano, wata tana bayan gidan wani Alhaji awaki na kwana a ƙarƙashinta. Sunayen da za ka ci karo da su galibi na Faransa ne da Jamus, irin su Caravelair, Sterckeman, Digue da Eriba. Akwai ɗan farantin ƙarfe kusa da ƙofa ko a kan ƙarfen ja, wato ƙarfen gaba da ake maƙala wa mota, mai ɗauke da lambarta da nauyin da aka yarda ta ɗauka. Ka ɗauki hotonsa tun ranar farko, kuma kada fenti ya taɓa shi.

Wanda ya samu irin wannan kaya, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne launi. Sai ya tafi babbar kasuwa ya sayo galan biyu na fenti, kafin ma ya san abin da ke bayan bango. Bangon nan kuwa fatar alminiyom ce da ba ta kai kaurin milimita 1 ba, kuma ba ita ke riƙe da ɗakin ba. A tsofaffin ƙirar shekarun 1960 da 1970, firam ɗin katako ne a tsakiya, alminiyom a waje, siririn filawud a ciki. Daga baya aka koma manne su wuri guda kamar biredi da haɗinsa: alminiyom, farin soso mai tauri irin wanda ake saka talabijin cikinsa a kwali, sannan filawud, da ƴan sandunan katako a gefe-gefe da kewayen tagogi. Eriba Touring ta fita daban, ƙashinta na bututun ƙarfe ne, don haka matsalarta tsatsa ce fiye da ruɓa. Dole ka san wacce ke hannunka, domin maganin wannan ɓarna ne ga waccan.

Bincike na farko da hanci ake yin sa da turnabis. Ka shiga da rana bayan ta wuni a rufe. Warin rima na nufin ruwa ya daɗe yana shiga. Ka buɗe kowace akwati da ke ƙarƙashin gado, ka danna kusurwoyi huɗu na daɓe, ƙasan kowace taga, bakin ƙofa, da kewayen rumfar taya. Inda turnabis ya nutse ba tare da ka sa ƙarfi ba, katakon ya mutu. Sannan ka ƙwanƙwasa bango daga ciki. A Turai ruɓa suka fi tsoro, mu a nan da gara muke fama, kuma gara tana cinye cikin katako ta bar fuskarsa lafiya lau, sai ka ji yana amsa ƙara kamar ƙwarya. Tana hawa ne ta ƙafafun kusurwa, ta tayar da ta sace ta zauna a ƙasa, ko ta duk wani itace ko zana da aka jingina wa jikin karaban. Ka nemi hanyoyinta na jar ƙasa a jikin shasi. Idan ba a yanke mata hanya ba, sabon katakon da za ka sa abincinta ne. A mayar da karaban kan daɓen siminti, ko aƙalla kowace ƙafa ta tsaya kan bulo da faifan ƙarfe, a riƙa dubawa.

Ƙafafun nan huɗu na kusurwa don hana girgiza aka yi su, ba sa ɗaukar nauyin karaban. Mai ɗaga ta da su zai lanƙwasa su, ya murɗe daɓen. Jak a ƙarƙashin shasi kusa da gindin taya ake sa shi, a tokare da ƙarafan tsayawa, sannan a daidaita ta da ma'aunin ruwa gaba da baya, hagu da dama. Wannan daidaitawar ba wasa ba ce. Idan ka cire ruɓaɓɓen katako ka ɗaure sabo alhali tana karkace, a karkace za ta zauna har abada, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa.

Ta ciki ake canza katako, a bar alminiyom a wurinsa muddin ba dole ba. A yanke filawud ɗin ciki har sai an kai inda itace ke da lafiya, a ƙara santimita 10 bayan nan, a yi haɗi a karkace maimakon kai da kai, da gam mai jure ruwa da sukuru. Kafinta zai ce a sa farin katako don ya fi sauƙin aiki da arha, kuma gaskiya ba shi da nauyi, amma shi ne gara ta fi so. Jan katako busasshe ya fi dacewa da ƙasan bango da kusurwoyi, farin a bar shi sama, kuma duka a shafa musu maganin gara su bushe kafin a rufe. Kada a cika nauyi. Filawud mai milimita 3 ko 4 ya ishi bango. Wanda ya sa mai milimita 12 ko'ina don ƙarko ya ƙara wa taya da birki kayan da ba a yi su dominsa ba.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske, wato toshe hanyar ruwa. Duk inda faifan alminiyom biyu suka haɗu, akwai dogon ƙarfe da aka ɗora a kai aka ɗaure da sukuru, ciki har da wanda ake zura rumfa a cikinsa. A ƙarƙashinsa akwai wani danƙo mai suna butil, wanda ba ya daskarewa. Bayan shekara 30 ko 40, ga ranar Maraɗi, ya bushe ya zama gari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa na bin ramin sukuru, ya sauka cikin katako, ya fito a wani wuri mai nisan mita guda daga inda ya shiga. Shi ya sa toshe wurin da ka ga ɗiga daga ciki ba ya magani.

Abin da kusan kowa ke yi shi ne ya bi gefen ƙarfen da silikon daga waje. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Silikon mai warin tsami yana cin alminiyom, yana ɓanɓarewa ta ƙasa ya riƙe ruwa a ciki, kuma fenti ba ya kama shi, ko inda hannu mai silikon ya taɓa sai fenti ya yi ido-ido. Akwai kuma dalilin da ya sa gam mai tauri ba ya zama a nan. Alminiyom na miƙewa da zafi: faifai mai tsawon mita 4, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yana ƙara kusan milimita 4, da dare ya koma. Katakon da ke bayansa ba ya bin sa. Kullum haɗin nan cikin motsi yake, sai abin da zai miƙe ya dawo.

Don haka cire ƙarafan ake yi gaba ɗaya. Ka rubuta wa kowane lamba da gefen da ya fito, ka ciro shi a hankali mutum biyu, don idan ya lanƙwashe ba za ka samu irinsa a kasuwa ba. Tsohon danƙo a kankare shi da abin roba ko itace, a narka ragowar da kananzir, sannan a wanke da omo a goge da alkol na kemis, don kananzir na barin maiƙo. Sabon butil yana zuwa a naɗe kamar igiya mai faɗin santimita 2 zuwa 3. Idan babu a gari, ana iya sa ƴan kasuwar da ke zuwa Kano ko Yamai su nemo, ko a yi amfani da gam na foliyuretan irin Sikaflex 221. Bambancinsu shi ne butil za ka iya sake cirewa bayan shekaru, wancan kuwa in ya kama sai da wuƙa. Gam ɗin gilashin mota na gaba ya fi ƙarfin wannan aiki, a bar shi. Sukuru a sa sababbi marasa tsatsa, masu ɗan fin na da kauri, a tsoma bakin kowane cikin gam kafin a murɗa. Ramin da ya yi lako-lako a cusa masa tsinken katako da gam. A fara ɗauri daga tsakiya zuwa ƙarshe biyu, har danƙo ya ɗan tsattso ta gefe, bayan mako guda a sake bi a ƙara matsewa kaɗan. Haka za a yi wa tagogi, da ƙofar rufi, da fitilu, da kowane abin riƙo. A kan rufi kuwa ba a tsayawa, sai an shimfiɗa katako mai faɗi ya ɗauki nauyi daga bango zuwa bango.

Tsarin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne a yi aikin katako da toshi tsakanin Fabrairu da Mayu, lokacin da komai ke bushewa da kansa, a bar damina ta gwada aikin. Ruwan Agusta mai zuwa da iska a karkace ba ya ɓoye wa kowa laifi. Idan ta fita daga malka cikinta a bushe, sai fenti daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Mai gaggawa zai iya gwadawa da tiyo, ya fara daga ƙasa yana hawa, minti 10 a kowane sashe, wani na ciki da tocila. Fenti a Afrilu da Mayu asarar kuɗi ce. Iska ta haura digiri 40, jikin ƙarfe ya fi haka, fenti na bushewa kafin ya kwanta.

Shirin fenti da wanki yake farawa, omo da ruwa mai yawa, sau biyu. Sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita tana cire maiƙo da tsohon fenti a kan baƙin ƙarfe, amma alminiyom narka shi take yi. Haka buroshin waya na ƙarfe: yana barin ƙananan ɓurɓushi a jikin alminiyom, nan gaba kowane ya zama tabo a ƙarƙashin fenti. Tsofaffin lambobi da layukan ado na leda, ka bari rana ta gasa su da tsakar rana, su ɓare da farce.

Kafin ka sayi komai, ka jiƙa tsumma da tina, ruwan nan na sirka fenti, ka ɗora a wani ɓoyayyen wuri na minti biyu. Idan tsohon fentin bai motsa ba, na kamfani ne, kuma ba a cire shi. Gurza shi kawai za a yi ya rasa ƙyalli. Idan ya yi laushi ko ya tattare, wani ya taɓa shafa fentin mai a kai, kuma fentin mota zai tayar da shi kamar fatar tsohuwa. Ko a cire wannan shafin duka, ko a zauna kan fentin mai. A kula da tina da fetur kusa da ramuka, don in suka zurara ciki suna narka farin soson nan ya bar bango fanko. Tagogin ma roba ce mai kama da gilashi, ɗigon tina ɗaya ya isa ya tsattsaga ta. Wadda ta dushe ana gyara ta da samfefa ta ruwa mai lamba 1500 da 2000, sannan man goge mota.

Samfefa 240 ce ta gurza, da ruwa, da hannu. Ruwan yana kwantar da ƙura, kuma tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, saboda haka yara su yi nesa, ruwan wankin kada ya gangara inda kaji ke sha. Yawancin karaban jikinsu na da ƙuraje-ƙuraje na ado, injin gurza zai share tudun ya bar kwarin, sai soso mai kaushi irin Scotch-Brite ja. Inda ka ga farin gari da ƙananan huji, alminiyom ne ya ciwu, galibi daga rima ta baya. A kankare har ƙarfe mai haske, a toshe da efoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu. Lotsa kuwa ba irin ta mota ba ce. Mai gyaran jikin mota zai so ya buga ta ko ya sa wuta, alhali babu ta inda zai shiga baya, wuta kuma ta ƙone abin da ke ciki. Ƙaramar lotsa a cike ta da mastik kada ya wuce milimita 3. Babba a rufe ta da abin shan iska ko faifan ado, ko a haƙura da ita. Tsohuwa ce, tabo ɗaya ba zai rage mata daraja ba.

Duk inda alminiyom ya fito tsirara yana buƙatar fentin shimfiɗa nasa na musamman, ko mai ɗan asid da ke cizon ƙarfe, ko na efoksi mai haɗi biyu. Jan fentin hana tsatsa da ake shafa wa ƙofofin ƙarfe na baƙin ƙarfe ne, a kan alminiyom saɓulewa yake yi kamar bawon albasa. Kuma a shafa a ranar da aka gurza, cikin ƴan awoyi, domin alminiyom na yin wata fata da zarar ya sha iska, fatar nan ce ke hana fenti kamawa. Bayan ya bushe a bi shi da samfefa 400.

Lissafin fenti ba wuya. Karaban mai jiki mita 4 a tsawo, 2 a faɗi, 1.9 a tsayin bango: gefe biyu murabba'in mita 15, gaba da baya kusan 8, rufi 8, jimla 31, a cire tagogi a bar 27. Lita guda na rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, don haka shafi biyu da rola lita 5 ne, shafi uku kuma lita 7 zuwa 8. Da feshi a ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda wanda iska ke kwashewa. A sayi duka lokaci guda a juye cikin bokiti ɗaya, don gwangwani biyu masu suna ɗaya sukan bambanta.

Launi kuma, rufi fari ne, babu tattaunawa. Bango fari ko ruwan madara ko wani mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna da kyau a hotunan Turai, amma a ranar Maraɗi suna zafi har gam ɗin da ke tsakanin alminiyom da soso ya saki, bango ya kumbura. Mai son launi ya yi ɗamara a ƙasan tagogi.

Fentin mota mai haɗi biyu shi ya fi jure rana. Yawanci kashi 2 na fenti ne da kashi 1 na mai taurarawa da tina kamar kashi 10 cikin 100, amma abin da ke rubuce a gwangwani shi ne hukunci. A nemi mai taurarawa da tina masu jinkirin bushewa, a riƙa haɗa rabin lita-rabin lita, don a zafinmu yana daskarewa a kofi. Bindigar feshi mai baki milimita 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska wajen bar 2 a agogon awo, nisa santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na baya, kwamfiresa kuma da matatar ruwa, a zubar da ruwan tankinta kafin a fara. Sai dai tururinsa guba ne ga huhu, ƙyallen hanci ko rawani ba sa tare shi, kuma tsakar gida akwai yara da maƙwabta da tukunya a kan wuta. A ra'ayinmu, wanda ya nace sai wannan fentin ya gama shiri a gida, ya ja ta zuwa garejin masu feshi. Na gida shi ne fentin mai nagari da ƙaramar rola ta soso mai santimita 10, a sirka shi kaɗan, shafi uku sirara, awa 24 tsakani, ana bi da samfefa 400 a hankali. Bai kai na feshi sheƙi ba, zai kuma dushe da wuri, amma gyaransa rola ce da ragowar gwangwani.

Ko wanne ka zaɓa, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe 9 ne lokacin aiki. A kafa rumfar tamfol, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a hana shara a gidan da safen nan, a ɗaure awaki. Ka ɗora bayan hannunka a bango, in ya yi ɗumi sosai ka tsaya sai gobe. Rufi ake fara yi, sannan gefe ɗaya daga farko har ƙarshe ba hutu a tsakiya. Fenti ya fito da kaushi kamar yashi, ya bushe a iska ne: zafi, ko nisa, ko tina mai saurin tashi. Ya yi kamar bawon lemo, ya yi kauri. Ya zubo da hawaye, hannu ya daɗe wuri guda, kuma ba a taɓa shi ɗanye, sai ya taurara a goge da samfefa ta ruwa. Ido-ido kuwa maiƙo ne ko silikon, wani lokaci daga kwamfiresa. Feshi da dare ƙarƙashin fitila na tara ƙwari. Sikoc na takarda a cire shi fenti na da sauran laushi, don idan ya kwana biyu a rana gam ɗinsa ya zama wani aikin.

Ƙasa ba ta da kwalliya amma ita ke ɗauke da rai. Shasi mai ruwan toka da aka tsoma a tutiya wanki kawai yake so. Na baƙin ƙarfe a kankare, nan ne jan fentin hana tsatsa ke da amfani, ƙarfen ja da ya ciwu kuma mai walda ya duba shi. A buɗe gangar birki, a wanke da ruwa ko tsumma mai laima, kada a hura da iska, don tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. A wanke boris a sa sabon giris. Taya kada zanenta ya ruɗe ka, ta karaban tsufa ke kashe ta ba tafiya ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta, 2315 na nufin mako na 23 na 2015, mai lamba uku kuwa tun kafin 2000 aka yi ta. Wadda ta haura shekara 6 ko 7 a canza. Ƙwallon ja, wanda ke bayan mota ake maƙala karaban a kansa, milimita 50 ne, kuma nauyin da ke sauka a kansa ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin karaban da kayanta, in ya gaza haka za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya. Wayoyi ɓeraye sun riga ka, a ja sababbi da fis, na bolt 12 daban na 220 daban. Tiyon gas da kan tukunyar gas a canza su ko da sun yi kyau a ido, a gwada kowane haɗi da ruwan kumfa, ramukan iska na daɓe kuma a bar su a buɗe, don gas ƙasa yake kwanciya.

Fentin mai na bushewa a taɓa cikin kwana guda, amma yana ɗaukar makonni kafin ya yi tauri. Kada a lulluɓe ta da tamfol a wannan lokaci, zai manne ya bar zane. Ƙurar hunturu da za ta sauka a kai a kora ta da ruwa zalla, ba a goge ta a bushe. Fitar farko a yi ta gajera, kamar hanyar Ɗan Isa ko Cibiri, a tsaya bayan ƴan kilomita a taɓa tsakiyar kowace taya a ji ko ta yi zafi, sannan bayan kilomita 50 a sake matse notocin taya.